Ruwan da Muka Ɗauko wa Inna

Ranar wata Laraba da sassafe, cikin sanyin shekarar da nake aji huɗu na firamare, na tsaya a matakala ta ƙarshe a bakin ruwan Wikki, cikin gandun dajin Yankari, haƙorana suna haɗuwa saboda ɗari. Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani jan dutse mai tsayi kamar bangon masallacin Juma'a, ya kwanta garau har kana ganin farin yashin da ke ƙasansa, wani siririn tururi yana tashi a samansa. Yayana Lawal ya riga ni tuɓe riga. Ya tsoma ƙafa ɗaya, ya fizge ta da sauri, ya juyo ya dube ni da wata irin fuska da ban taɓa gani gare shi ba. "Bishir," ya ce, "wa ya dafa shi?" Na sa tawa ƙafar. Ɗumi ya kama ni har idon sawu, irin ɗumin ruwan da aka sauke daga murhu aka surka daidai wanka. Na waiga ina neman wutar. Na duba gindin dutsen, na duba bayan itatuwa, ban ga murhu ba, ban ga hayaƙi ba, ban ga ko toka ba. Sai na ji tsigar jikina ta tashi, na ja da baya na riƙe hannun Yaya kamar ƙaramin yaro.

Ba wanda zai gane abin da ya girgiza mu a wannan safiya sai wanda ya san yadda ruwan zafi yake a gidanmu. Ƙauyenmu yana kusa da 'Yargoje, a ƙasar Ƙanƙara. Mahaifinmu ya rasu damina biyu kafin wannan tafiya, ya bar mu a sashenmu cikin gidan yayansa, Baba Mamman. Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, tana fama da sanyin ƙashi. Da damina da sauƙi, amma in sanyi ya shigo gwiwoyinta da idon sawunta sukan kumbura, ba ta iya miƙewa da safe sai an gasa mata su da ruwan zafi. Ba mu da 'yar'uwa mace, don haka aikin ya dawo kanmu. Kullum bayan sallar asuba ni ne mai jawo ruwa a rijiya in cika tukunyar ƙarfe, Yaya kuma shi ne mai hura wuta. In ruwan ya tafasa a juye a kwatarniya a surka, Inna ta zauna bisa turmi da aka kwantar, ta tsoma ƙafafu, Yaya yana danna mata gwiwa da tsumma mai zafi, ita kuma tana runtse ido tana salati. Sai bayan wannan ake maganar koko, sai bayan koko nake ɗaukar jakata in ruga makaranta, sau da yawa in iske an gama taron safe.

Ruwa bai taɓa ba mu wahala ba. Itace ne wahalar. Karan dawa da na gero da muke tarawa bayan girbi ba ya kai mu ko'ina, ga shi yana ci kamar takarda. Kashin shanu busasshe yana taimakawa amma hayaƙinsa yana sa Inna tari. Itace na gaske sai a bakin daji, yamma da gari, tafiya mai nisa a ƙasa. Yaya ya girme ni da shekara biyar ko shida, ya bar makaranta tun rasuwar mahaifinmu, kuma shi ke wannan tafiya. Yaran unguwa suna langa da ƙwallon tsumma a fili da la'asar, shi kuma a lokacin yake shigowa da dami a ka, gatari a kafaɗa, wuyansa ya sage, ƙafafunsa duk kaushi. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Abin da kawai yakan ce in ya sauke shi ne, "Wannan ya kai mu jibi." Rayuwarsa kenan a lokacin: ya kai mu jibi, in jibi ta zo ya koma.

Kawu Sada, ƙanen Inna, direba ne a can gandun dajin. Da ya zo hutu ya ga yadda Yaya ya rame, sai ya ce zai tafi da mu mu yi 'yan kwanaki mu ga duniya, tunda makaranta ma tana hutu. Yaya ya ce ba ya zuwa. Sai da Inna ta ɓata rai, matar Baba Mamman kuma ta ɗauki alkawarin dafa ruwan, sannan ya yarda. Duk da haka bai taka mota ba sai da ya jera itace a bayan ɗakin Inna har ya kusa kai tagar. Kafin wannan tafiya iyakata kasuwar Ƙanƙara, sai sau ɗaya da aka je da ni biki Faskari. Na ga manyan garuruwa ta tagar mota, na ga gwaggon biri yana zaune a kan bonet kamar mai jiran direba, na ga mugun dawa yana kiwo a durƙushe a tsakanin ɗakunan baƙi, Kawu ya nuna mana sawun giwa da kashinta a kan hanya. Duk na yi mamakinsu, amma dabba dabba ce, mun san Allah Ya yi su iri-iri. Ruwan nan ne hankalina ya ƙi ɗauka.

Muna tsaye a bakinsa sai ga wasu ɗaliban sakandare sun sauko da malaminsu. Muka raɓe gefe muna saurare. Malamin ya ce musu can ƙarƙashin ƙasa akwai zafi mai tsanani, ruwan nan ya ratso ta wurin ne kafin ya fito, shi ya sa yake da ɗumi. Ya ce in aka ƙara nitsawa ƙasa sosai, zafin yakan kai dutse ya narke kamar dalma. Ya ce a wasu ƙasashe narkakken dutsen yakan fasa kan tsauni ya yi ambaliya, shi ake kira dutse mai aman wuta, kuma ko a ƙasar nan, wajen Filato da Biu, akwai tsaunukan da suka taɓa yin haka a zamanin da ba wanda ya gani, yanzu sun mutu. Ɗaliban suna rubutawa, wasu suna dariya suna watsa wa juna ruwa. Ni kuwa sai na dubi inda nake tsaye. Wuta ɗaya na sani a ƙarƙashin ƙasa, ita ce wadda ake ba mu labari a makarantar allo. Kuma na san mahaifinmu muka sa a cikin ƙasa da hannunmu. Na ɗaga ƙafa daga kan dutsen da nake tsaye kamar zai ƙone ni, na fashe da kuka, na ce wa Yaya, "To Baba fa?"

Yaya bai yi mani dariya ba. Ya durƙusa ya kama hannuna ya tura shi cikin ruwan har gwiwar hannu, ya riƙe shi a nan. "Ji mana," ya ce. "Wannan ya ƙona ka? Wannan ai irin wanda Inna ke so ne. In ma abin da ke ƙasa kenan, to Baba ba ya jin ɗari." Ban san ko malamai za su yarda da wannan amsa ba, amma ni ta tsayar mani da kuka. Muka shiga ruwan a hankali. Yaya ya kwanta a wuri marar zurfi, ruwa har wuya, yana kallon dutsen. Daga baya ya tambayi Kawu ko da rana ne kawai yake haka. Kawu ya ce a'a, dare da rana, damina da rani, tun da ya zo wurin nan bai taɓa iske shi ya huce ba, kuma tsofaffin da ya tarar ma haka suka ce. Na ga leɓen Yaya yana motsi. "Bai taɓa hucewa ba," yake maimaitawa a hankali.

Da yamma, a bayan ɗakin Kawu, ya gaya mani abin da ya ƙulla. Ya ce shi ya fahimci ruwan. Kamar yadda wata rijiya ruwanta ke da zartsi, wata ke da daɗi, kuma ko ka kai shi ina bai canzawa, haka wannan zafi halinsa ne, da shi aka halicce shi. Sannan ya ce ya sha gani a rugar da ke bayan gonarmu, in an tatso madara sai a zuba mata ɗan tsohon nono a rufe, kafin gari ya waye duk ta zama nono. Ya ce mu ma iri za mu ɗiba. Mu kai gida mu zuba kaɗan a randar Inna mu rufe, zafin ya kama sauran ruwan, kullum mu bar ɗan saura a gindin randa mu ƙara na rijiya a kai. Inna ta samu ruwan ɗumi ko da tsakar rana ta so, ba wuta ba hayaƙi. Bai ce shi zai huta da zuwa daji ba. Ni na faɗa, sai ya ce, "In haka ta yiwu, sai in koma makaranta mu riƙa tahiya tare." Wannan ne karo na farko da na san abin yana ransa.

Ba mu gaya wa Kawu ba. Da Yaya ya roƙe shi jarka, ya ɗauka tsaraba ce irin ta baƙi, don mutane da yawa suna ɗibar ruwan su ce magani ne. Ya ba mu wata shuɗiyar jarka da ya wanke da toka. Ranar komawa Yaya ya sauka tun da duku-duku, ya shiga har gindin dutsen inda ruwan ke ɓulɓulowa, ya cika ta a ƙarƙashin ruwa don kada iska ta shiga, ya toshe bakin da leda ya murɗa murfin iya ƙarfinsa. Ya naɗe ta da bargon da Kawu ya ba mu, ya ɗaure da igiya. Kawu ya kai mu tashar Bauchi ya danƙa mu ga wani direba saninsa. Yaron mota ya so ya jefa jarkar a but, Yaya ya ce sam, a cinya za ta zauna. Haka muka yi ta karɓa-karɓa, in cinyarsa ta gaji ya ɗora mani, ni kuma in rungume ta kamar jariri. Lokaci-lokaci nakan zura hannu cikin bargon in ji ɗumi, in gaya mashi, ya gyaɗa kai. Na roƙe shi mu buɗe mu taɓa, ya ce tukunya ma in ana buɗe ta tururinta gudu yake. Ba wanda ya yi tunani a cikinmu cewa ɗumin da muke ji na jikinmu ne.

Mun kwana a hanya, muka iso gida washegari da hantsi a bayan wata a-kori-kura daga Ƙanƙara. Laifin bakina ne labarin ya riga mu shiga gida, don tun daga bakin gari nake shelar mun zo da ruwan da ke dafa kansa. Kafin mu gama gaida Inna tsakar gida ta cika: matan gida, yaran maƙwabta, har Baba Mamman ya taso daga zaure da carbinsa a hannu. Yaya ya yi bayani tiryan-tiryan, da dutsen, da tururin, da maganar malamin. Wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi, ita ba za ta taɓa ruwan da ya biyo ta wuta ba. Yaya ya kwance igiya, ya warware bargo, ya murɗe murfin. Na zuba ido in ga tururi. Ya ce Inna ta miƙo hannu, ya tsiyaya mata. Inna ta janye hannunta a hankali. Ya tsiyaya a nasa hannun. Na ga fuskarsa ta sauya, irin sauyin da na gani a bakin Wikki, sai dai wannan karon ba mamaki ne kaɗai a ciki ba. Na sa nawa hannun. Sanyi ƙalau. Ya fi ruwan rijiyarmu sanyi, don ita rijiya da safe takan ɗan yi ɗumi.

Baba Mamman ya taɓa, ya dubi yatsunsa, ya dubi Yaya. "Lawal," ya ce, "tun daga Bauchi ka ɗauko mamu ruwan randa bisa cinya? Da ka faɗa mani ai da na ba ka na ɗakina, ka huta da kuɗin mota." Gidan ya ɗauki dariya. Wani yaro ya tsoma yatsa ya yi tsalle yana ihun ya ƙone, aka ƙara fashewa. Matar Baba Mamman tana share hawaye tana cewa, "Sannu Mai Ruwan Zafi, a kawo garin tuwo ko?" Ba mugunta suke yi ba, na sani yanzu. Amma Yaya bai ɗago kai ba. Ya ce, da wata murya da ba tasa ba, gajiyar hanya ce, nono ma sai ya kwana. Ya ɗauki jarkar ya shiga ɗakin Inna, ya zuba kamar kashi ɗaya cikin uku a randa, ya rufe da faifai, ya lulluɓe randar da bargon.

Da asuba tare muka je. Ya ɗaga faifan, ya zura hannu har kafaɗa, ya daɗe a haka kamar mai lalube a gindin randar. Sannan ya zaro hannun ya fita bai dube ni ba. Na same shi a bayan rumbu zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka binne mahaifinmu, kuma ranar ma ban ga hawaye ba, kafaɗunsa kawai na ga suna rawa. Na tsaya ban san abin yi ba. Sai na je na jawo ruwa na cika tukunya, na hura wutar da kaina da sauran itacen da ya bari, hayaƙi yana shiga mani ido.

Da ruwan ya tafasa Inna ta ce in kira shi. Ya zo ya tsaya daga nesa. Ta ce ya ɗauko jarkar. "Ya huce, Lawal," ta ce. "Ba zan ce maka bai huce ba. An raba shi da wurinshi ne." Ta nuna kwatarniyar da ke tururi. "Amma wannan ya yi mani zafi da yawa. Surka mani da naka." Ya tsiyaya kaɗan, ta taɓa, ta ce ƙara, ya ƙara. Ta tsoma ƙafafu ta runtse ido. Daga nan ta ce a kai jarkar ƙarƙashin gadonta, kada wanda ya sha, kada wanda ya yi alwala da shi, nata ne, ɗanta ya ɗauko mata daga inda ba ta taɓa zuwa ba. Kullum da safe ludayi guda ake zubawa cikin ruwan gashinta, har sanyin shekarar ya fita. Matan gida in sun tambaye ta ko yana aiki, sai ta ce su tambayi gwiwarta. A wannan safiyar, bayan ya gama danna mata ƙafa, Yaya ya sha koko, ya ɗauki gatari da igiya ya nufi yamma. Maganar makaranta ba ta sake fitowa daga bakinsa ba.

Sunan kuwa ya bi shi. Mai Ruwan Zafi ake ce mashi a gona, a kasuwa, har a wurin ɗaurin aurensa. Da farko yakan ɓata rai, daga baya ya riƙa amsawa, har in yara sun tambaye shi yakan zauna ya ba su labarin da kansa, yana kwaikwayon muryar Baba Mamman. Shi ya ci gaba da dafa wa Inna ruwa har Allah Ya karɓi abarsa, a ɗakinta, cikin mutuncinta. Shi ya tsaya na gama sakandare, na samu ɗan aikin da nake yi yanzu a Ƙanƙara. Na sha ce mashi ya dawo gari, musamman da daji ya lalace, mutane suka daina kwana da ido biyu rufe, hanyar Faskari da ta Sabuwa suka zama sai da addu'a. Yakan ce to, bayan girbi.

A sanyin bara matarsa ta haihu. Mai jego tana bukatar ruwan zafi safe da yamma, kuma itacen jego a kan miji yake. Na sayarwa ya yi tsada, don masu shiga daji sun ragu. Ya ɗauki gatari ya ce ba zai yi nisa ba, bakin daji kawai. 'Yan bindiga suka same shi a can. Wanda ya kira ni a waya bai ce Lawal ba, cewa ya yi, "Sai haƙuri, Mai Ruwan Zafi ne." An iske damin a gefensa, ya riga ya ɗaure shi.

Da safe muka kai shi, cikin ɗari mai tsanani. Ni na shiga kabarin don in karɓe shi. Da na cire takalmi na sauka, sai tafin ƙafata ya ji ƙasar da ɗumi. Kowa ya san ƙasar rami takan yi haka lokacin sanyi, ni ma na sani. Amma na tsaya cak, har wanda ke miƙo shi ya kira sunana sau biyu. Na tuna hannunsa riƙe da nawa a cikin ruwa, da abin da ya gaya mani game da Baba. Na karɓe shi na kwantar. Ban ji tsoro ba.

Matarsa da yaran suna wurina yanzu, ni na ƙarasa mata ruwan jegon, da gawayi. Ƙauyen ya watse rabi, an ce ciyawa ta rufe wurin murhun Inna. A gidana ruwa yakan tafasa bisa gas kafin a gama shimfiɗa tabarma, yarana ba su san nauyin dami ba, kuma ina gode wa Allah da haka. Kawu Sada ya tsufa ya bar aiki, amma ya ce ruwan yana nan yadda muka bar shi, yana fitowa daga gindin dutsensa dare da rana. Ban koma ba. Wani lokaci da asuba, in na surka ruwan alwala na tsoma hannu in ji ko ya yi daidai, nakan daɗe ban cire hannun ba. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ba ya jin ɗari.